Titi Ya Zama Ɗaki: Yawon Asabar A Nima Da Maamobi

A wannan wata ba mu yi nisa ba. Ba mu hau motar Kumasi ko ta Salaga ba, da ƙafa muka yi tafiyar, kuma duk tsawonta ba ta wuce daga bakin titin Kanda zuwa ƙarshen Maamobi ba. Amma mun dawo gida da gajiya irin ta wanda ya sha doguwar hanya, domin kuwa mun ga unguwar da aka haife mu a cikinta kamar ba mu taɓa ganinta ba.

Dalilin tafiyar wani tsohon ɗalibinmu ne. Mun koyar da shi lissafi a aji shida shekaru goma sha biyar da suka wuce, yau kuwa ya zama saurayi mai gemu, sana'arsa ɗaukar hoto a wajen biki da suna. Ranar da babu biki sai ya rataya kyamararsa ya shiga lungu, yana ɗaukar abin da ya tarar a titi, ba wanda ya sa shi, ba kuma mai biyansa. Wata rana bayan an tashi yara sai ga shi a makaranta da ambulan cike da hotuna. Ya baje su a kan tebur ya ce, "Ticha, ku duba mini waɗannan, ku gaya mini abin da kuka gani."

Muka duba ɗaya bayan ɗaya. Ga mai koko da ƙosai, ga yara da bokitai, ga katifa jingine da bango. Muka ce, "Nima muka gani, sai me?" Ya girgiza kai ya ce, "A'a Ticha, kuɗin haya kuka gani." Muka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce in muna da sukuni ran Asabar mu bi shi, zai nuna mana wurin da aka ɗauki kowane hoto. Tun da masu iya magana sun ce gani ya kori ji, sai muka amsa.

Daga saman bene

Mun haɗu bayan sallar Asuba a kusa da Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a watan Yuli na 2021. Hazon hunturu bai gama washewa ba. Muka tsallaka titi, ya ja mu zuwa gidan wani kawunsa inda aka fara bene aka tsaya a hawa na biyu, ƙarafan rodi suna tsaye suna jiran ranar da kuɗi zai samu. Daga can sama ya fito da hoton farko ya ce mu gwada shi da abin da ke gabanmu.

A ƙasan hoton rufin kwano ne, mai tsatsa da sabo, wannan ya hau kan wancan, an danne wasu da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Duk iya ganinka babu tazarar da akuya za ta kwanta. A saman hoton kuwa, can bayan hazo, dogayen benaye ne masu launi-launi na wajen filin jirgin sama. Ya ce bai haɗa hoto biyu ba, tsayawa kawai ya yi a inda ido ke kama su tare.

To, wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu riƙe. Nima da Maamobi suna tsakiyar Ankara, watau Accra a bakin Turawa. Maƙwabtanmu su ne Kanda da Roman Ridge da Airport Residential, Cantonments ma ba nisa, unguwannin da a wasu gidajensu da dalar Amurka ake faɗin kuɗin haya. Daga Nima mutum zai taka da ƙafa ya isa Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, gumi bai gama jiƙa masa riga ba. Ke nan ƙasar da ke ƙarƙashin wannan kwano mai tsatsa tana cikin mafi tsada a birnin baki ɗaya. Masu kuɗi sun san haka. Mu da muke kwana a kanta ne muke yawan mancewa.

Da can ba haka abin yake ba. A wajajen 1931 ne Malam Amadu Futa, malami kuma mai harkar shanu, ya sami izinin zama a wannan wuri daga gidan Odoi Kwao na Osu. A lokacin daji ne, bayan gari. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yi sansani a filin jirgi, sai leburori da masu dafa abinci da masu wanki suka nemi masauki kusa da wurin aiki, bayan yaƙi kuma tsofaffin sojoji suka ƙaru a kansu. Har zuwa farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni, don haka ba wanda ya shata mata titi ko magudanar ruwa. Wanda ya zo sai ya gaida mai unguwa, a nuna masa wuri, ya kafa ɗaki. Birni ne ya girma ya zo ya kewaye mu.

Kada kuma mu manta ma'anar sunan da muke alfahari da shi. Zango masaukin fatake ne. Asalin zaman namu a kan saukar baƙo aka gina shi: mai gida ya ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Haka aka yi a Zangon Malam kusa da Makola, haka aka yi a Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1910. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Deborah Pellow, ta rubuta littafi sukutum a 2002 a kan masu gida da 'yan haya na Sabon Zango. A nan Nima kuma wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna a shekarun 1960 yana nazarin yadda Frafra 'yan ci-rani ke neman abinci ba tare da aikin albashi ba, abin da ya rubuta ya shiga littattafan tattalin arziki na duniya. Unguwar da ta yi suna wajen saukar wanda ba shi da kowa, yau 'ya'yanta na cikinta ne ke neman makwanci. Da wannan tunani muka sauko daga bene.

A cikin lungu

Wanda bai san lungunan Nima ba zai iya shiga ta wajen kasuwa da safe ya yi ta bulayi har azahar. Wani lungun in mutum biyu suka haɗu dole ɗaya ya manne da bango. Ɗalibin namu yana gaba muna biye, yana tsayawa yana ciro hoto daga ambulan.

Hoto na biyu shi ne na katifar nan da ke jingine da bango. Mu mun ɗauka shanya aka yi. Ya ce a'a, wurin ajiyarta ke nan kullum daga safe zuwa dare, domin in tana shimfiɗe a ɗaki ƙofa ba ta buɗuwa. Muka duba, ga ta kuwa a wurin, an lulluɓe ta da leda saboda ƙura.

Hoto na uku mace ce tana tuƙa tuwon zafi a kan kurfoti a bakin ƙofa, tukunyar tana cikin lungu, ita tana zaune a kan dokin ƙofa, masu wucewa suna tsallake muciya. Na huɗu layin bokitai ne a ƙofar gidan wanka na kuɗi tun gari bai waye ba. Na biyar barandar wani ƙaramin masallaci ce da ƙarfe biyun dare, samari shida a jere a kan tabarmi, kowa ya yi matashi da takalminsa. Na shida majalisar 'yan shayi ce, ana dafa ataya har tsakar dare.

Ya ce, "Ticha, mutane suna cewa samarin Nima ba sa son barci. Wannan na gefen hagu, sai ƙannensa mata sun gama shiri sun kwanta kafin ya shiga, ya fita kuma kafin su tashi. Ina zai zauna kafin nan?"

Sai a nan muka fahimci abin da yake nufi ran nan a makaranta. Duk abin da ka gani a titin Nima abu ne da ɗaki ya kasa ɗauka. Kicin ya fito waje, falo ya fito waje, wurin wanka ya koma na kuɗi, makwancin samari ya koma barandar masallaci. Baƙo in ya ga hoton sai ya ce mutanen nan suna son zaman waje, ko ya ce ba su da tsari. Alhali kuwa iyali ne na mutum shida ko bakwai da ƙarfinsu bai wuce ɗaki ɗaya ba, sai titi ya zama ɗakinsu na biyu.

Hoto na bakwai shi ya fi taɓa mu, domin ya shafi aikinmu. Yarinya ce 'yar kimanin shekara goma, ta ɗora littafi a kan benci a gaban wani shago da dare, tana rubutu da hasken fitilar mai shagon. Mun shekara ashirin muna duba aikin gida. Sau nawa muka ja jan biro a kan littafin da ya yi maiƙo ko ya jiƙe, muka rubuta cewa yaro ba ya kula? Sau nawa muka tsawata wa mai gyangyaɗi a aji? A kwalejin horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi da yadda ake auna fahimta, amma ba mu tuna ranar da aka ce mu tambayi yaro mutum nawa ke kwana a ɗakinsu ba. Mun ji kunya, ba ma ɓoyewa.

Lissafin adibas

Bari mu yi abin da muka iya, watau lissafi. Dokar haya ta ƙasar nan, mai lamba 220 ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida. Akwai kuma ofishin gwamnati na sasanta mai gida da ɗan haya, wanda kowa ya sani da Rent Control. Wannan a takarda ke nan. A titi kuwa duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Ankara ya san adibas ɗin shekara biyu ake nema, in an yi maka sauƙi a ce shekara ɗaya.

A ce, don misali kawai, ɗaki sidi 500 ne a wata. Shekara biyu wata 24 ke nan, watau sidi 12,000 a dunƙule, a rana ɗaya, kafin a miƙa maka makulli. Ba a sa kuɗin ejan ba, wanda zai karɓi na zirga-zirga tun kafin ka ga ɗakin, ya kuma yanki nasa in ciniki ya faɗa. Tela ko direban trotro ko ƙaramin malamin makaranta zai iya biyan 500 wata-wata in ya matse. Tara 12,000 kuwa sai da adashi, ko bashi, ko ɗan'uwa a Jamus ko Amurka. Kafin ya gama biyan bashin shekara biyu ta cika, an ƙara kuɗi, an koma gidan jiya. Wanda ya ce zai kai ƙara, ya san akwai mutum goma a bayansa riƙe da kuɗi. A watan Janairu na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da wani shiri na biya wa ma'aikata adibas su riƙa mayarwa wata-wata. Tunani ne mai kyau, sai dai shirin yana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, mai tallan goro kuwa ba ta da takardar albashi.

Don kada a ce mun ji ta bakin ɓangare ɗaya, sai muka shiga gaida wata Hajiya mai gida, ƙawar mahaifiyarmu ce tun suna 'yan mata. Gidan ɗaki goma sha huɗu ne, mahaifinta mahauci ya gina shi da laka aka shafe da siminti daga baya. Bayan mun gaisa ta sa aka kawo mana ruwa, muka kawo mata zancen.

Ta ce, "Ɗana, kai ma malami ne, yi mini lissafin. Mu ashirin da uku muka gaji gidan nan. Ɗaki takwas 'yan gida ne a ciki, ba mai biyan ko pesewa. Shidan da suka rage su ne abincinmu, su ne maganinmu, su ne kwanon da za a canza in damina ta zo. Banki ba ya ba mu bashi, sun ce takardar gidan ba ta cika ba. In ban karɓi na shekara biyu ba, da me zan sayi siminti? In na karɓa wata-wata, kafin in tara kuɗin ya zama ruwa."

Ba mu iya musa mata ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin 100, kowa ya ga yadda sidin da ke hannunsa ya narke. Muka tambaye ta ina bayan gidan da muka sani a kusurwa lokacin muna yara. Ta kawar da kai ta ce an cike shi an yi ɗaki tun da jikanta ya yi aure. Ga amsar layin bokitan nan na hoto na huɗu. Kafin mu fito ta ƙara da cewa sau uku wasu masu mota suna zuwa tayin gidan, kuma rabin magadan sun fara cewa a sayar kowa ya kama gabansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bakin kwata

Daga gidan Hajiya muka gangara zuwa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, wadda ruwanta ke tafiya har ya faɗa Odaw. A nan hotunan suka canza. Babu sauran ginin laka ko bulo, sai kiyos na katako da kwantena, wasu an ɗora su a kan duwatsu a gaɓar kwata. Da rana shagon ɗinki ne ko na gyaran waya. Ya nuna mana hoton ɗayansu da dare: an tura keken ɗinki gefe, ƙafafun mutum biyu sun leƙo ta ƙofa domin tsawon kiyos ɗin bai kai tsawonsu ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa mutanen jihar Ankara sun haura miliyan 5.4, har ta wuce jihar Ashanti ta zama ta ɗaya a yawan jama'a. Ƙidayar ta kuma nuna cewa kusan kashi 20 cikin 100 na gine-ginen da aka lissafa a ƙasar kwantena ne da kiyos da na katako. Hukumar ƙididdiga ta ce gidajen da ƙasa ke bukata ba ta da su sun kai miliyan 1.8. Waɗannan lambobi mun sha jin su a rediyo suna wucewa ta kunne. Ƙafafun nan biyu da suka leƙo daga kiyos su suka sa lambobin suka zauna mana.

Ƙasa da mai kiyos ma akwai wasu. Akwai 'yan matan arewa masu dako a kasuwa, kayayei, sunan da rabinsa namu ne, kaya, rabinsa na Ga. Ran Laraba, ranar kasuwar Nima, za ka gan su da manyan kwanoni a ka. Da dare da yawansu a barandar shaguna suke kwana, ko su haɗa kuɗi su cika ɗaki ɗaya. Ɗalibin namu ya ce yana da hotunansu amma ba ya nuna wa kowa, domin suna barci ya ɗauka, bai nemi izini ba.

Zaman bakin kwata kuwa kowa ya san haɗarinsa. Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Kafin watan ya ƙare aka kai motocin rusau Old Fadama, aka rushe ɗakunan da ke gaɓar ruwa, dubban mutane suka wayi gari a fili. Talaka bai zaɓi bakin ruwa don yana son sauro ba. Nan ne kaɗai wurin da kuɗinsa ya kai.

Waɗanda suka tafi

Muka haura cikin Maamobi, muka zauna a wani benci kusa da asibiti muka ci shinkafa da wake. A nan ya ciro wani hoto da ba a unguwar aka ɗauke shi ba. Tashar mota ce a Kasoa da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, layin mutane ya miƙe cikin duhu. Ya ce mu duba fuskokin da kyau. Muka gane mutum uku. Ɗaya mun yi makarantar allo tare, ɗaya mahauci ne a kasuwar Nima, ɗayar kuma uwar wani ɗalibinmu ce.

Duk wanda ya girma a nan zai iya lissafa gidajen da 'ya'yansu suka watse zuwa Madina da Ashaiman da Ablekuma da Amasaman da Kasoa. Sunan Kasoa ma kasuwa ce tamu ta Hausa, amma garin yana wata jiha, kuma mai aiki a Ankara sai ya ba hanya awoyi da safe, ya ba ta awoyi da yamma. Abin da ya rage a kuɗin ɗaki sai ya zuba a kuɗin mota. Ran Juma'a da ranar suna da ranar jana'iza za ka gan su sun dawo, domin nan ne gida. Tsohuwa tana Nima, jikokinta suna bayan Kasoa, yaran suna tashi Hausarsu tana raguwa. Wannan ma yana cikin kuɗin haya, ko da yake ba a rubuta shi a rasit.

Abin da ke ƙara ciwo shi ne ba gini ne ba a yi a Ankara. Ana yi, sai dai ba don mu ba. Ku bi ta Cantonments da dare ku ƙirga tagogin da babu haske a sababbin benaye. Na gwamnati kuma, kowa ya ji labarin Saglemi a yankin Ningo-Prampram: a 2012 majalisa ta amince da bashin dala miliyan 200 don gina gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500 da ba a kammala ba, suka shekara da shekaru ciyawa na cin su ba wanda ya kwana a ciki.

Hoton wa, don wa?

Muna cikin wani lungu a Maamobi ya ɗaga kyamara zai ɗauki wata mata tana wanke yaro a bakin ƙofa, sai ta daka masa tsawa. "Kai! Ka kai wa Turawa su ga talaucinmu su ba ka dala?" Ya sauke kyamarar ya durƙusa ya ce, "Mma, ku yi haƙuri, ni ɗan gidan wance ne." Da ta gane uwarsa sai ta sauko, amma ta ce in dai hoto yake so ya dawo ran Sallah in ta yi kwalliya.

Matar nan tana da gaskiya, kuma maganarta ta daɗe ana yin ta a duniya. A 1890 wani ɗan jarida a New York, Jacob Riis, ya fitar da littafin hotunan ɗakunan da baƙin haure ke cunkushe a ciki. Hotunan sun tayar da hankalin masu mulki, suna cikin abin da ya kai ga gyaran dokar gidajen haya a can. Amma da dare yake faɗa wa mutane da walƙiyar hoto suna barci, ba sallama. A nan gida mun ga yadda masu hoto daga ƙasashen waje suka yi ta zuwa Agbogbloshie suna ɗaukar hayaƙi da yara cikin baƙin toka, har sunan wurin ya zaga duniya a matsayin juji. A watan Yuli na 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ɗin. Ba mu ce hoto ne ya rushe ta ba, amma wurin da duniya ta riga ta sani da juji, share shi ba ya wuya.

Akwai kuma wata hanyar. A 2006 wani Bajamushe mai suna Michael Wolf ya shiga wata tsohuwar unguwar gidajen gwamnati a Hong Kong da ake shirin rushewa. Ya ɗauki ɗaki 100, kowanne da mai shi a zaune a tsakiyar kayansa yana kallon kyamara da saninsa. An rushe ginin, amma shaidar cewa mutane sun rayu a wurin tana nan. Mu ma muna da abin koyi a gida. James Barnor, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Jamestown a shekarun 1950, ya ɗauki mutanen Ankara yadda suke son a gan su, yau hotunansa ana nuna su a manyan gidajen tarihi na Turai.

Me ya sa wannan ya dame mu yanzu? A jawabinsa ga majalisa a watan Fabrairu na 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, wanda gidansa ke Nima, ya yi maganar shirin sake gina unguwar ba tare da an kori mazaunanta ba. Ya sauka a Janairun 2025 lungunan suna yadda suke. Amma maganar ba za ta mutu ba, domin darajar ƙasar ba ta raguwa. Wata gwamnati ko wani kamfani zai sake zuwa da zane mai kyau. Ranar da aka zo, mai takarda za a tambaya. Ɗan hayar da ya shekara talatin a ɗaki ɗaya, da saurayin barandar masallaci, da tela mai kwana a kiyos, ba sunansu a kowace takarda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga shawarar da muka ba ɗalibinmu, muna kuma ba duk wani yaro mai waya a hannu. A yi sallama kafin a ɗauka, wanda ya ƙi a bar shi. A bayan kowane hoto a rubuta unguwa da lungu da kwanan wata, mutum nawa ke kwana a ɗakin, shekara nawa suka yi a ciki, nawa suke biya, in sun yarda a faɗa. A ba mai ɗaki kwafinsa. Sauran a tara su wuri ɗaya a hannun amintattu, ko a laburaren unguwa ko wajen kwamitin masallaci. A Osu an buɗe cibiyar Dikan a watan Disamba na 2022 don adana littattafan hoto, ba abin da zai hana zango ya yi nasa daidai ƙarfinsa. Masu gida kuma, tun ana zaman lafiya magada su zauna su gyara takardu, kada a bari sai mai mota ya zo tayi. Mu malamai namu gyaran mun riga mun faɗe shi.

La'asar ta yi muka kamo hanyar gida. A ƙofar wani gida kusa da 441 ya tsaya ya ba mu hoto na ƙarshe. Benci ne a wani ɗan soro, da filo, da jakar kyamara rataye a ƙusa. Ba kowa a hoton. Muka ce na wane ne? Ya ce, "Nawa ne, Ticha." Ɗakin mahaifiyarsa ne a ciki, ita da ƙannensa mata uku. An sa masa rana da wata yarinya 'yar Maamobi, sau biyu ana ɗagawa. Sadaki yana hannu, akwati ya cika, ɗaki ne babu. An samo masa ciki da falo a bayan Kasoa, amma duk masu kiransa biki a nan suke, kuma ba ya son barin tsohuwa. Iyayen yarinyar sun ba shi zuwa bayan Babbar Sallah.

Ba mu da abin ce masa sai addu'a, muka kuma yi alkawarin za mu yi wa Hajiya magana ko da ɗaki zai faɗi a gidanta. Ya ce mu riƙe hoton. Yana nan a cikin rajistar ajinmu, mun rubuta kwanan wata a bayansa.

Jama'a, ku duba ƙasan akwatunan iyayenku. Duk wanda ya sami tsohon hoton gidansu ko na lungunsu ya adana shi, ya tambayi tsofaffi sunayen waɗanda ke ciki tun suna da rai. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mai nema makwanci, ya bar zumunci. Sai wani watan in Allah ya kai mu.